Daga Labarin Na'ura zuwa Maganar Ganga: Tafiyar James Gleick

Labarin fasaha yana cikin labaran da suka fi saurin tsufa. Abin da aka rubuta a kan sabuwar wayar salula a farkon damina, kafin kaka ya zama tsohon zance, domin kamfanin ya riga ya fito da wata, farashi ya sauka, masu saye kuma sun juya wani wajen. Ɗan jaridar da ya keɓe kansa ga wannan fage tamkar mai sayar da tumatir ne a kasuwar da ba ta da rumfa: ko ya sayar yau, ko gobe ya zubar. Shi ya sa da yawa daga cikinsu, idan suka ɗan jima a aikin, sukan fara waige-waige. Wasu su koma yi wa kamfanoni talla, wasu su shiga harkar zuba jari, wasu kuwa su nemi aikin da zai fi na'urar da suka yi magana a kanta tsawon rai. James Gleick, Ba'amurke, yana cikin rukuni na ƙarshe. Labarinsa ya shafi ɗaliban kimiyyar harshe kai tsaye, saboda daga irin ajinsu ya fito, kuma ga irin tambayoyinsu ya komo bayan shekara 35.

An haifi Gleick a birnin New York a 1954. Ya kammala karatu a jami'ar Harvard a 1976, da digiri a adabin Ingilishi da kimiyyar harshe. Bai bi hanyar koyarwa ba. Ya nufi Minneapolis, wani birni a arewacin Amurka mai tsananin sanyi, inda shi da wasu suka kafa jaridar mako-mako mai suna Metropolis. Jaridar ba ta yi tsawon kwana ba. A 1979 ya shiga jaridar New York Times, ya yi shekara goma yana aikin tace labari da kawo rahoto. Aikin tacewa ba ya jawo wa mutum suna, amma makaranta ce. Mai tacewa yana wuni a kan tambaya ɗaya: nawa za a iya cirewa daga wannan jimla ba tare da ma'anarta ta faɗi ba? Wannan tambaya ita ce za ta zama zuciyar littafinsa mafi girma daga baya.

Fitarsa ta farko daga ƙuncin labarin yau da gobe ta zo ne ta hanyar kimiyya. A farkon shekarun 1980 ya lura da wasu masana da ke warwatse a fannoni dabam-dabam, kowa yana fama da matsala iri guda, galibi ba su ma san aikin juna ba. Akwai Edward Lorenz, masanin yanayi a MIT, wanda a 1961 ya taƙaita wata lamba daga 0.506127 zuwa 0.506 a cikin lissafin kwamfuta, sai ya ga hasashen yanayin ya fita dabam ƙwarai da na farko. Akwai Mitchell Feigenbaum, wanda a Los Alamos, da ƴar na'urar lissafi ta hannu, ya gano lambar nan 4.669 da ke maimaita kanta a tsare-tsare da dama a lokacin da suke rikiɗewa zuwa hargitsi. Akwai Benoit Mandelbrot a kamfanin IBM, da wasu matasan ɗalibai a Santa Cruz ta jihar Kalifoniya. Babu wata sanarwar kamfani da za ta haɗa waɗannan mutane a shafi ɗaya. Sai da ɗan jarida ya bi su, ya zauna da su, ya saurare su, sannan ya ga abin da ya haɗa su. Littafin da ya fito daga wannan yawo a 1987, mai suna Chaos, wato hargitsi, shi ne ya yaɗa zancen tasirin malam-buɗe-littafi a duniya: cewa ɗan motsin da bai kai a kula da shi ba yana iya sauya abin da zai faru nesa, bayan kwanaki. Idan aka duba da kyau, aikin da Gleick ya yi a nan aikin tafinta ne. Ya ɗauko magana daga harshen lissafi, ya zuba ta a harshen da mai karatu na gama-gari zai iya ɗauka.

Bayan ya rubuta tarihin rayuwar masanin fizik Richard Feynman a 1992, sai intanet ta iso. A lokacin, shiga intanet sai wanda ya iya rubuta umarni cikin baƙaƙen da ba kowa ke gane su ba. A 1993 Gleick da wani injiniya suka kafa kamfani a New York mai suna The Pipeline, wanda ya ba mutane damar shiga ta hanyar danna hotuna da alamomi. A 1995 suka sayar da shi ga PSINet, babban kamfanin da shi ma ya durƙushe a 2001. Ɗan jaridar ya ga abin daga ciki: yadda abin da ake yi wa kallon al'ajabi yau yake zama tarkace cikin ƴan shekaru. Daga 1995 zuwa 1999 ya riƙe wani fili a mujallar New York Times mai suna Fast Forward, ya yi rubutu a kan ƙarfin da Microsoft ya tara da sauran al'amuran zamanin. A 1999 ya fitar da Faster, littafi a kan gaggawar da ta mamaye rayuwar mutane, sannan a 2002 ya tattara rubuce-rubucensa na shekara goma a What Just Happened. Wanda ya buɗe wannan tarin a yau zai tarar da sunayen manhajoji da kamfanoni da yawa da suka shuɗe. Abin da bai tsufa ba a cikinsa shi ne wuraren da marubucin ya ɗaga kai daga na'ura ya dubi mutanen da ke amfani da ita.

A nan hanya ta rabu biyu. Ana iya ci gaba da bin sabon abu a guje har ƙarfi ya ƙare, ana kuma iya tsayawa a tambayi mene ne duk waɗannan na'urori suke ɗauke da shi. Gleick ya juya baya, kamar mai bin karin maganar nan cewa da tsohuwar zuma ake magani. A 2003 ya rubuta tarihin Isaac Newton. A 2006 ya je Oxford ta Ingila wurin masu sabunta babban ƙamus na Ingilishi, ya tarar da su suna kan harafin P. Abin da ya kai shi can tambaya ce ta fasaha da ta rikiɗe ta zama tambayar harshe: idan kowa yana rubutu a intanet, kuma kowace kalma tana barin sawu, ina mai haɗa ƙamus zai kafa iyaka? Daga nan ya ƙara komawa baya, har ga Robert Cawdrey, wanda a 1604 ya buga ƙamus na farko na Ingilishi zalla, mai kalmomi wajen 2,500, a zamanin da sai da ya yi wa masu karatu bayanin yadda ake neman kalma bisa jerin haruffa. Jerin abacada da kowane ɗan firamare ya ɗauka tamkar da shi aka halicci duniya, ashe shi ma fasaha ce da wani ya ƙirƙira, wasu suka koya da wahala.

Sakamakon wannan doguwar juyawa shi ne The Information, wanda ya fito a 2011, ya kuma sami kyautar littafin kimiyya ta Royal Society a 2012. Littafi ne a kan tarihin bayani da ma'auninsa. Mai karatu zai zaci zai fara da kwamfuta, amma babinsa na farko a kan gangunan Afirka yake.

Madogarar Gleick a nan ita ce aikin John Carrington, wani ɗan mishan na Ingila da ya isa Kwango a 1938, ya zauna cikin al'ummar Kele a yankin Kisangani na yau, ya koyi harshensu da gangarsu, ya buga littafi a kansu a 1949. Gangar Kele gungumen icce ce da aka fafe cikinta, aka tsaga mata baki mai leɓe biyu, ɗaya yana ba da amo na sama, ɗaya na ƙasa. Da dare, musamman a bakin kogi, amonta yana kai kilomita da dama, ƙauye ya karɓa ya miƙa wa ƙauye. Turawan da suka fara jin ta sun ɗauka wani tsari ne irin na wayar tangaraho, inda kowane bugu ke madadin harafi. Sun daɗe suna neman mabuɗin, ba su samu ba, domin babu haruffan. Harshen Kele yana da karin sauti biyu, na sama da na ƙasa, kuma ganga karin kawai take ɗauka. Baƙaƙe da wasula duk tana zubar da su.

Kowane ɗalibin tsarin sauti zai hango matsalar nan take. Idan aka cire baƙi da wasali, kalmomi masu yawa za su faɗa cikin tsari guda. A Hausa, doki da yaro da kuka ta icce duk gaɓa biyu ne, sama sannan ƙasa. A bakin ganga ba za a rarrabe su ba. A Kele, kalmar wata da ta kaza haka suka haɗu. Maganin da makaɗa suka samo shi ne tsawaitawa. Kowace kalma tana da wata sananniyar jimla da ke raka ta: wata yana zuwa da zancen yadda yake kallon ƙasa daga sama, kaza kuma da zancen irin kukanta. Saƙon ganga ya ninka na baki tsawo sau da dama, kuma wannan tsawo shi ne ke kore shakka. Abin da baƙo zai ɗauka ado ne na magana, shi ne ainihin abin da ke sa a gane ta.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan al'amari. Kalangu, wanda makaɗi ke matse igiyoyinsa a hammata don ya hau ko ya sauka, yana bin karin magana ne. Wanda ya tashi cikin mahauta, ko a fada, ko a filin kokawa, yana jin take ya san wa ake kira, alhali ba a furta suna ba. Take yana aiki ne saboda mai ji ya riga ya san kirarin da ke bayansa. Wanda bai sani ba, kiɗa kawai yake ji. Abin da ya fi ɗaukar hankali kuwa shi ne cewa rubutun boko kishiyar ganga ne daidai wa daida. Ganga ta riƙe kari ta zubar da baƙi da wasali. Boko ya riƙe baƙi da wasali ya zubar da kari, ya haɗa da tsawon wasali. A rubuce, wuya na jiki da wuya ta wahala abu ɗaya ne. Gari na mutane da gari na tuwo abu ɗaya ne. Jimlar “an ce Audu ya tafi” tana iya zama labarin da aka ji cewa Audu ya riga ya kama hanya, tana kuma iya zama umarni cewa ya kama hanya. Bambancin yana cikin kari da tsawon ƴar kalmar “ya”, kuma takarda ba ta nuna ko ɗaya. Ƙamusai irin na Bargery na 1934 suna sa alamun, amma rubutun yau da kullum, tun kafin taron Bamako na 1966 har bayan ƙa'idojin da Nijar ta tsayar a 1999, ya bar wa mai karatu aikin cikewa. Kuma yana cikewa, ta hanyar da mai sauraron ganga ke bi: yana dogara ga abin da ke kewaye da kalmar.

Wannan abu da makaɗa suka sani da kunne, Claude Shannon ya ba shi lissafi a 1948, a ɗakin binciken kamfanin wayar tarho na Bell. Shannon ya ajiye ma'ana a gefe, ya ce aikin injiniya shi ne ya isar da saƙo daga nan zuwa can duk da hayaniyar da ke kan hanya. Ya auna bayani da bit, wato zaɓi ɗaya tsakanin abu biyu. Ya kuma nuna cewa harshen mutane yana ɗauke da rara, wato ƙarin da ya wuce abin da ake buƙata a tsantsa. Ya ƙiyasta cewa kusan rabin rubutun Ingilishi rara ne. Rarar nan ita ce ke sa a gane magana a tsakiyar kasuwa, a kuma karanta wasiƙar da ruwa ya taɓa. Kimiyyar harshe ba ta tsaya a gefe tana kallo ba. Jadawalin Roman Jakobson na 1960, wanda ake koyarwa tun shekarar farko, da mai aikawa da mai karɓa da saƙo da hanya da tsarin alamomi, yana ɗauke da sawun wannan nazari. Noam Chomsky kuma, a 1957, ya kafa hujjarsa ne a kan cewa tsarin da ke jera kalma bayan kalma kawai ba zai wadatar wajen bayyana ginin jimla ba. A 1951 Shannon ya yi wani gwaji inda mutum ke cankar harafin da zai biyo baya a cikin rubutu. Wayar da ke hasashen kalmar da mai ita zai rubuta a gaba jikar wannan gwaji ce.

Daga nan ana iya ganin abin da ke faruwa da Hausa a kan waya da wani ido. Rubutun da ya riga ya rasa kari da tsawon wasali, yanzu yana rasa lanƙwasar haruffa, saboda mutane da yawa suna rubutu da allon da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Kalmar “baki” a saƙon waya tana iya nufin bakin magana, ko launin baƙi, ko baƙin da suka sauka a gida, ko baƙin rubutu. Ɗan harshe yana warwarewa ba tare da ya ma lura ba, domin yana da rarar da ya tara tun yana goye. Na'ura ba ta da wannan gado. Manhajar Google Translate ta shigar da Hausa tun 2013, amma duk manhajar da za ta fassara Hausa ko ta karanta ta da murya, dole ta canki kari da tsawo daga kewayen kalma, kuma abin da aka ba ta ta koya da shi ne kawai makaminta. Wannan labari ne na fasaha, babba kuwa, amma ɗan jaridar da bai san bambancin karin sama da na ƙasa ba, ba zai ma ga cewa akwai labari a wurin ba.

Littafin Gleick yana da iyakarsa, kuma ya kamata a faɗe ta. Abin da ya kawo game da ganga ya fito ne daga rubutun ƴan mishan da matafiya Turawa. Muryar makaɗan tana zuwa ta bakin baƙi. Afirka ta bayyana a babin farko, daga nan labari ya haye teku zuwa Landan da Amurka, kamar ganga matakin farko ce ta tsanin da ƙarshensa ke ɗakin binciken Bell. Carrington da kansa ya lura tun a zamaninsa cewa yaran da suka shiga makarantar boko sun rage koyon maganar ganga. Babin da zai biyo bayan wannan, wato abin da ya faru da ilimin makaɗa da kuma abin da ke faruwa da harsuna masu kari a cikin na'urori, bai shiga littafin ba. Mutanen da suka fi cancanta su rubuta shi suna zaune a azuzuwan Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Gaskiya ne kuma cewa hanyar Gleick ba kowa ke da ita ba. Ya sami albashin babbar jarida, da kuɗin da ya samu daga sayar da kamfani, da mawallafan da ke biya tun kafin a gama littafi, da ɗakunan karatu masu ajiye takardun ƙarni huɗu. Matashin da ke gabatar da shirin fasaha a gidan rediyon unguwa, yana bayanin yadda ake tura kuɗi ta waya ko yadda ake kauce wa ƴan damfara, ba shi da ko ɗaya daga ciki. Shi kansa Gleick ya san cewa rubutu sana'a ce da ke buƙatar kariya: bayan littafinsa na 2016 a kan tunanin tafiya cikin lokaci, an zaɓe shi shugaban ƙungiyar marubuta ta Authors Guild a 2017. Amma abin da ya faɗaɗa aikinsa ba kuɗi ne kaɗai ba. Ɗabi'a ce ta tambayar me ya riga wannan, da wace tsohuwar matsala sabuwar na'ura take ƙoƙarin warwarewa. Wannan ba ta buƙatar biza.

Ɗalibin kimiyyar harshe ya saba da tambayar ƴan'uwa a lokacin hutu: wannan karatu, wane aiki ake yi da shi? Amsar da aka saba bayarwa ita ce koyarwa ko fassara. Tafiyar Gleick ta nuna akwai wata. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma harshen da aka ɗora wa wannan nauyi zai buƙaci masu iya bayyana intanet da lissafi da na'urori a cikinsa, da kalmomin da za su zauna daram a bakin mutane. Zai buƙaci wanda zai zauna da tsohon makaɗin fada ya ɗauki takensa a faifai, ya rubuta kirarin da ke ƙarƙashin kowanne da cikakkun alamun kari, tun kafin masu saninsa su ƙare. Zai buƙaci wanda zai tattara saƙonnin waya da izinin masu su, ya ƙirga sau nawa rashin lanƙwasa ke haifar da ruɗani, da yadda masu rubutu ke tsawaita jimla don su kauce masa, kamar yadda makaɗan Kele suka yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin digiri na biyu, ya kuma isa jerin shirye-shiryen rediyo da mutane za su saurara har bayan wayar da ke hannunsu yau ta zama tarkace.